Da Sauƙi, Kawu

Tun Nuriyya tana koyon zama, kakarta Inna Hureira ta laƙaba mata Alƙaliya saboda ɗaure fuska. Gira a haɗe, ido a tsuke, baki a matse, kamar wadda aka kawo wa rigimar gado. Sunan ya bi ta har waje. In ta wuce titin Koudoukou riƙe da hannun uwarta, masu shaguna sai su ce, "Allah gafarta Alƙaliya, yau wa za a ɗaure?" Ita ko kallo ba su ishe ta ba. Uwarta Zulaihat takan yi dariya ta ce haka Allah ya yi mata 'yarta, ba ta ɗaukar raini.

Sikila ce da yarinyar. Shekararta takwas, kuma duk unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui ba uwar da ta kai Zulaihat kiyaye ƙa'idar wannan ciwo. Gorar ruwa ba ta rabuwa da jakar makarantar Nuriyya. Gidan sauro ko ɓular allura babu. Da hadari ya haɗo ta wajen kogi, za ka ga Zulaihat ta bar keken ɗinkinta ta nufi makaranta da rigar sanyi da safa a hannu. Duk abin da likita ya ce a yi, ta yi. Abin da ya ce a bari, ta bari. Abu ɗaya ne kawai ta yi rantsuwa a kansa, a tsakar gida, gaban kowa, ranar da aka share makokin mijinta: ƙwaya ba za ta shiga bakin 'yarta ba, ko wa ya rubuta ta.

Mijin nata, Shamsu, ɗan taksi-moto ne, wato ɗan acaɓa, mutum mai fara'a da ba ya wuce yaro bai tsokane shi ba. Da ciwon baya aka fara. Wani abokin sana'arsa ya ɓallo masa tramol guda biyu daga irin wanda ake kasawa a tire bakin hanya, ya ce da wannan mutum sai ya wuni a kan babur bai san ya yi ba. Biyu suka koma huɗu, huɗu suka koma katin ƙwayar gaba ɗaya. Zulaihat tana kallo fara'ar ta tafi, cin abincin ya tafi, sallar ta tafi. Ƙarshe farfaɗiya ta kama shi yana tsakar gudu a mashigar unguwar Yakité, aka kawo mata shi lulluɓe da zanen wata mai sayar da rogo.

A daminar bana ruwa ya rutsa Nuriyya a hanyar makaranta kafin uwarta ta isa. Washegari ƙafafu suka ƙi taka ƙasa. Zulaihat ta goya ta kamar jinjira ta kai ta asibiti, aka ba su gado, aka ɗaura ƙarin ruwa.

Likitar ɗakin yara 'yar Bangui ce, siririya, mai magana a hankali. Da Sango, harshen ƙasar, suke magana da Zulaihat. Ta danna cinyar yarinyar, ta dube ta, ta ce parasitamol ba zai iya da wannan ba, tana so ta ba ta mofin na sha.

"Mofin," in ji Zulaihat. "Dangin tramol ne?"

Likitar ta ce e, danginsu ɗaya, amma...

"To, a bar shi."

Likitar ta yi bayani, Zulaihat ta saurara har ƙarshe don ba ta da rashin kunya, sannan ta sake cewa a bar shi. Sai likitar ta sunkuya ta tambayi Nuriyya da kanta yadda take ji. Nuriyya da Sango take wasa, da Sango take faɗa, har mafarki in ta yi da Sango take sambatu. Amma ba ta amsa wa likitar ba. Ta juya ta dubi uwarta, ta ce da Hausa, "Da sauƙi."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta ji sauƙi."

Ba ƙarya Zulaihat ta yi ba, abin da kalmar ta ce ke nan. A gidansu gaisuwar ciwo da Hausa ake yin ta, kuma amsarta ɗaya ce. Inna Hureira ce ta koya wa jikarta tun bakinta bai iya kama kalma ba: in an ce ya jiki, sai ki ce da sauƙi, alhamdulillahi, ɗiyar Musulmi ba ta kai ƙarar Ubangijinta wurin mutane. Likitar ta ɗan tsaya tana duban yarinyar, sannan ta mayar da ƙaramar kwalbar maganin da ta fito da ita aljihunta. Kullum da safe sai ta sake tambaya, kullum amsar ke nan. Zulaihat takan shafa kan 'yarta ta ce, "Jarumata."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna Hureira ta zo da kunun gyaɗa a flas, ta ce yau kam sai ta ga ɗanta da idonta, ta gaji da saƙon murya. Ɗan nata shi ne Abdurra'uf, yayan Zulaihat, wanda karatu ya kai shi Faransa ya zauna can. Binciken magungunan kashe zafin ciwo yake yi, irin su mofin da danginsa. Wani maƙwabci ya taɓa buɗo musu sunansa a waya, ya yi ta jan allon da yatsa, rubuce-rubucen da ya wallafa suna ta fitowa har yatsan ya gaji. Inna ta tambayi wa yake warkarwa da duk wannan. Da aka ce mata a kan ɓeraye yake gwaji, ta riƙe baki, tun daga ranar take kiransa likitan ɓera.

Suka kira shi ta bidiyo. Sai da Zulaihat ta matsa jikin taga sannan hoton ya tsaya. Ga shi nan cikin farar riga, furfura ta fara fito masa a gemu.

"Likitan ɓera!" in ji Inna. "Ya marasa lafiyarka? Sun samu sun ci gyaɗa?"

"Suna gaishe ki, Inna. Sun ce ki daina ɗana wa 'yan'uwansu tarko a kicin."

"Su daina ci mini gari mana."

Aka yi dariya. Ya ce a ba shi 'yarsa. Zulaihat ta juya wayar wajen gado.

"Nuri, ya jiki?"

"Da sauƙi, Kawu."

Bai ce madalla ba, kamar yadda ya saba a saƙon murya. Ya ƙura wa allon ido har Zulaihat ta zaci hoton ne ya maƙale.

"Zulai, matso da wayar kusa da fuskarta. Ƙara. Tsaya haka." Ya matso da fuskarsa jikin allon. "Tun yaushe fuskarta take haka?"

"Kai Yaya, ka manta Alƙaliya? Ai haka fuskarta take."

"Duba mana da kyau," in ji Inna tana tsiyaya kunu, "ko yau za ta yi mana sassauci a shari'a."

"Inna, ɓera ba ya magana," in ji shi, kuma wasa ya bar muryarsa. "Ba ni da yadda zan ce masa ya jiki. Fuskarsa muke karantawa. In ciwo ya kama shi ido yake tsukewa, kumatu su ɗaure, hanci ya tattare. Aikina ke nan kullum, kallon wannan fuskar."

"Yau ga iskanci. Jikar tawa ce ɓera?"

Ya ce, "Nuri, ajiye Hausa tukuna. Mu yi Sango, irin na 'yan Yakité, mu bar tsofaffin nan a baya." Sannan ya tambaye ta a hankali, "A so mo?" Wato yana yi miki zafi?

Nuriyya ta dubi uwarta. Zulaihat ta san wannan kallon, shi take yi mata kullum kafin ta amsa wa likita, amma sai yau ta lura kallon neman izini ne. Ta ce, "Faɗa wa Kawunki."

Yarinyar ta dubi wayar. "A so mbi," in ji ta, da ƙyar ake ji. "A so mbi mingi." Yana yi mini zafi. Yana yi mini zafi sosai.

Kamar an ɓalle mata wani maɓalli a wuya, maganar ta ɓarke, duk da Sango. Ta ce cinyoyinta kamar ana daka su a turmi. Ta ce bayanta kamar an zuba garwashi. Ta ce in nas ta taɓa gadon kawai, ji take har cikin haƙoranta. Kawun ya tambaye ta ko a gida ma yana yi. Ta ce kullum yana nan, wata rana ƙarami, wata rana babba. In ƙarami ne tana zuwa makaranta da shi.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Da Hausa ai ba a faɗa."

"To likita fa? Ita ai Sango take ji."

Nuriyya ta sake duban uwarta, ta rufe ido. "In na faɗa za su ba ni ƙwayar Baba. Mama za ta yi kuka."

Kunun da Inna take tsiyayawa ya cika kofi ya zubo mata a zane, ba ta sani ba.

Zulaihat ba ta san lokacin da ta fito baranda da wayar ba. Ta jingina da bango. Mata suna shanya zannuwa a kan shingen asibiti, wani yana kiran mai ruwan leda, duniya tana ta harkarta.

"Zulai," in ji yayanta. "Ki bari su ba ta."

"Kai ba ka ga Shamsu ba." Ta ɗaga wayar daidai fuskarta. "Kana can. Ni na gan shi yana lalube ƙarƙashin katifa yana rantsuwa na ɓoye masa. Ni na share masa kumfa a baki. Da biyu ya fara, Yaya, biyu tak, shi ma don ciwo. Yanzu ka ce in buɗe bakin 'yata da hannuna in zuba mata?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, danginsu ɗaya. Amma Shamsu a tire ya saya, ba wanda ya san abin da ke ciki, ba wanda ya auna masa, ba wanda ya ce masa ya isa. Ya sha don ya wuni a kan babur. Ita za a auna da nauyinta, a ba ta don wannan ciwon, ciwon ya lafa a janye. Yaran da aka yi wa haka a asibiti, da wuya ƙwarai ka samu wanda ya kamu da shi. Rabin rayuwata a kan wannan tambayar ta tafi."

"Ka rantse ba za ta zama kamarsa ba."

"Ba ni da wannan rantsuwar, ta Allah ce. Abin da zan iya rantse miki a kai shi ne abin da na gani yanzu. Da ɓerana ne ya yi wannan fuskar na bar shi haka ya kwana, da an kore ni daga aiki." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ma ai a gidan nan aka haife ni. Ina sauraron saƙonta a hanyar aiki, da sauƙi Kawu, da sauƙi Kawu, in ce madalla in sa waya aljihu."

Zulaihat ta goge fuska da bakin mayafi.

"In ya yi mata yawa, ta yaya zan gane?"

"Numfashi za ki kalla. In ya yi jinkiri sosai, ko kika tashe ta ta ƙi tashi, ki kira nas nan take."

"Zai sa ta amai?"

"Yana iya sawa da farko. Zai kuma ɗaure mata ciki, ki yawaita mata ruwa da gwanda."

"Wa zai riƙe kwalbar?"

"Su. Ba za ta bi ku gida ba."

Ta ƙara yi masa tambaya uku ko huɗu, ya amsa. Sannan ta gyara ɗaurin zaninta ta tafi neman likitar, wayar tana kunne a hannunta.

Ta same ta tana wanke hannu. Ta ce mata ta yarda, kuma ga yayanta yana son magana da ita. Da ya faɗi sunansa, likitar ta tsaya da tawul a hannu.

"Badaru? Abdurra'uf Badaru?"

Suka juya Faransanci. Zulaihat ba ta kama duka ba, amma ta gane likitar tana cewa ta karanta rubuce-rubucensa lokacin da take makaranta, ba ta taɓa sanin ɗan Kilomita Biyar ba ne. A wata ranar da Zulaihat ta ji daɗin wannan har ta ba Inna labari. Yau kwalbar kawai take jira.

Likitar ta buɗe wani ƙaramin kabad da makulli, ta ɗauko ta, ta ɗaga ta wajen haske. Ruwan ya koma can ƙasa. Ranar da Zulaihat ta ce a bar shi ya fi rabi. Akwai wani yaro da ya ƙone da man suya, akwai wata mai ciwon daji, su ma daga cikinsa ake ba su. Likitar ta ce abin da ya rage zai kai Nuriyya gobe, wataƙila jibi in an yi tattali. Sabo kuwa an rubuta an nema, ba wanda ya san ranar zuwansa.

"Yaya, to ka aiko mana," in ji Zulaihat da sauri. "Ɗan Alhaji Audi zai taso daga can sati mai zuwa, ka ba shi."

"Ba a ba matafiyi, Zulai. Ba a sa shi a jaka, ba a aiko shi ta gidan waya. In aka kama shi da shi a filin jirgi, kurkuku ne, da ni da shi."

"Amma kana da shi."

"Yana bayana yanzu haka, a kabad. Kowane ɗigo sai na sa hannu na faɗi ɓeran da na ba."

Inna Hureira ta biyo su ba su sani ba, tana tsaye bakin ƙofa da jiƙaƙƙen zaninta. Ta ce, "Wato ɓerayenka suna da shi, jikata ba ta da shi." Ba da wasa ta faɗa ba, ba kuma wanda ya yi dariya. A cikin wayar Abdurra'uf ya sunkuyar da kai. Can ya ce zai kira duk wanda ya sani, zai rubuta wa duk inda ake rubutawa, amma kada su sa rai da wannan makon.

Likitar ta ja maganin a sirinji marar allura, ta duba, ta rage kaɗan, ta sake dubawa. Da suka zo bakin gado Nuriyya ta ga abin da ke hannunta, sai ta datse baki ta kau da kai.

"Da sauƙi, Mama. Wallahi da sauƙi."

Zulaihat ta zauna a gefen gadon a hankali don kada ya motsa. Ta tallafo kan 'yarta a tafin hannunta. Ta buɗe baki za ta yi Hausa, sai ta fasa, ta yi mata Sango, harshen da ba ta cika yi mata a gida ba. Ta ce wannan ba ƙwayar Baba ba ce, wannan Kawu ya san shi, likita ta auna. Ta ce ita ce ta ce a ba ta. Ta ce ba za ta yi kuka ba.

"Kin rantse a tsakar gida," in ji Nuriyya.

"Zan yi kaffara. Wannan tsakanina da Allah ne, ba ruwanki. Buɗe."

Ta yi bisimilla, likitar ta matsa maganin a gefen kumatu, yarinyar ta haɗiye tana yamutsa fuska.

Suka zauna jira. Inna tana jan carbi. Zulaihat ta ɗora hannu a ƙirjin 'yarta tana bin numfashin, yana hawa yana sauka, ba ta yarda ta kalli ko'ina ba. Aka kira la'asar daga nesa. Yatsun Nuriyya da suka kwana suna damƙe da zanen gado suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar da take naɗe ta miƙe. Ta ja wani dogon numfashi ta sauke, barci ya ɗauke ta.

Sai Inna ta daina jan carbin.

"Zulai," ta ce ƙasa-ƙasa. "Dubi."

Zulaihat ta ɗaga ido daga ƙirjin zuwa fuskar. Girar nan da take haɗe tun ana goyo ta rabu, tsakaninta ya yi sumul. Goshin ya buɗe. Bakin ya saki, gefensa ya ɗan ɗaga sama, kamar mai shirin tsokanar wani. Ba Alƙaliya ba ce kwance a gadon. Wata yarinya ce mai sakakkiyar fuska, kuma Zulaihat ta san fuskar sarai: ta Shamsu ce, ta lokacin da yake zuwa zance ƙofar gidansu yana sa ƙannenta dariya. Shekara takwas tana wanke wannan fuskar kowace safiya, tana shafa mata mai, tana yi wa mutane bayanin cewa haka Allah ya yi ta.

"Ni na sa mata sunan," in ji Inna. "Ni na koya mata amsar."

Zulaihat ta duba, ashe yayanta yana kan layi har yanzu. Ta juya wayar ta nuna wa yayanta. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa hannu ya rufe bakinsa, hoton ya yi rawa ya ɗauke.

Ta yi wa 'yarta alkawarin ba za ta yi kuka ba, don haka ta cije mayafinta, hawayen suka bi ta gefe ba sauti. Hannunta ɗaya bai bar ƙirjin ba. A ranta tana ganin kwalbar nan a cikin haske, da ɗan abin da ya rage a gindinta, da gobe, da jibi.

Ana haka maƙwabciyarsu Mero ta yi sallama, ɗauke da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali. Ta ajiye, ta leƙa gadon, ta ce, "A'a, Alƙaliya an samu barci. Sannu Maman Nuri. Ya mai jiki?"

Amsar ta zo bakin Zulaihat da kanta, kamar yadda take zuwa tun tana yarinya. Yau ce ma rana ta farko da amsar ta zama gaskiya. Ta buɗe baki, ta dubi fuskar 'yarta, kalmar ta ƙi fita.

Mero ta jira. Inna ma ba ta amsa ba.

"Sunanta Nuriyya," in ji Zulaihat daga ƙarshe. "Zauna a hankali, kada ki taɓa gadon."